Yunwar da ba ta zuwa ƙofar masallaci

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a Birni ko a Zango, tsofaffin unguwannin Damagaram, ya san abin da ke jiransa in an sallame. Kafin ka lalubo takalminka an riga an jeru: makafi da ƴan jagoransu, guragu bisa kekunansu, tsofaffin mata da ƙwarya a gaba, almajirai da robobinsu suna kutsawa tsakanin ƙafafun manya. Ana ta “Allah Ya ba ku mu samu”, ana ta “sadaka fisabilillahi”. Mutanen Damagaram kuma ba su da rowa a wannan wuri. Mai dala biyar ya jefa, mai dala ashirin ya jefa, wani Alhaji ya sa a buɗe bayan mota a fito da ƙullin shinkafa. Cikin rabin sa'a wuri ya watse, kowa ya koma gida yana jin ya sauke nauyi.

Ban raina wannan ba, kuma ba na son a raina shi a gabana. Akwai tsohuwar da abin da ta tara ranar Juma'a shi ke kai ta Talata. Sai dai na daɗe ina kallon abin, har na kai ga wata fahimta da ke hana ni sukuni: da yawa daga cikin waɗanda yunwa ta fi ci a garin nan ba sa cikin wannan layi. Ba su taɓa shiga ba, wasunsu ma sun gwammace su yi kwana uku ba su ɗora tukunya ba da a gan su a ciki. Sadakarmu tana zuwa inda aka miƙa hannu, a ranar da ta yi wa mai bayarwa daidai. Ita kuwa yunwa tana da nata gidajen, tana da nata watannin.

A damanar 2023, bayan an rufe iyakarmu da Najeriya sanadin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata baiwar Allah mai yara huɗu. Maigidanta ya yi arewa neman zinariya, saƙonsa ya ɗauke. Ni da nake wucewa ta ƙofarta sau huɗu a wuni ban lura da komai ba. Yaran tsaf, tufafinsu a wanke, in ka gaishe ta ta ce lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyata ce ta gano. Ta ce maraice biyu ke nan ba ta ji ƙarar taɓarya daga can ba, ba ta kuma ga hayaƙi ba. Sannan ta ci karo da ita wurin mai injin niƙa tana sayen dusa, tana cewa ta akuya ce. Akuyar kuwa tun kafin babbar salla aka kai ta kasuwa, a idon Inna aka ja ta. Dusar nan ake tankaɗewa a dama wa yara kunu.

Na zabura zan ɗebi hatsi in kai. Inna ta ce, “Zauna. So kake gobe ta kasa haɗa ido da kai?” Ta zuba tuwo a kwanon da ya fi kowanne girma a gidan, ta kira jikarta: “Je ki ce ina gaishe ta, ta ɗanɗana mini miyar nan ko gishiri ya ji, ta kuma aro mini rariyarta.” Rariya biyu muke da su a rataye. Da kwanon ya dawo, an wanke shi, an saka ƴar busasshiyar kuɓewa a ciki. Shi ke nan ciyayya ta ƙullu, kwano ya je da abu ya dawo da abu, ba a san mai bayarwa ba balle mai karɓa. Bayan kwana biyu Inna ta soma kiranta surfe da wanki tana biyanta da tiya, tiyar kuma kullum a cike take har tana zuba.

Malamanmu sun sha karanta mana wannan, mu ne dai ba mu ɗora shi kan unguwarmu ba. A Suratul Baƙara, aya ta 273, an siffanta matalautan da wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wurin roƙo, da alamarsu ake gane su. Akwai kuma hadisin da ya bayyana cewa miskini na ainihi ba shi ne mai zagaya mutane ana sallamarsa da loma ɗaya ko biyu ba, shi ne wanda ba shi da abin da zai ishe shi, ba a lura da shi ba balle a ba shi, shi kuma bai tashi ya roƙa ba. Kalmar da ta tsaya mini a nan ita ce lura. Kuɗi ba ya lura. Sai mutum ya zauna kusa, ya san ranar da aka sayar da akuya.

Su kansu na cikin layin ba iri ɗaya ba ne, kuma zuba su a kwando ɗaya shi ke sa taimako ya ɓata. Makaho da gurgu da mai cutar kuturta sun daɗe da tsarinsu a ƙasar Hausa, da sarakunansu, da gidajen da suka saba zagayawa. Bara a wurinsu kusan sana'a ce da al'umma ta yanka musu tun da ba ta ba su wata ba. Almajiri nasa daban, zan dawo kansa. Sai kuma waɗanda suka yawaita a shekarun nan: matan ƙauye da goyo a baya da wasu biyu a hannu, waɗanda ke shigowa gari in rumbu ya ƙare.

Asalin wannan yana gona. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, mutum wajen miliyan 3 da rabi, mafi yawansu kuma sun cunkushe a kudu, Kance da Magarya da Mirya, inda ruwan sama ya fi. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sun raba ta, kuma ba a barin ta ta huta ko shekara guda. A gidaje da yawa abin da aka girbe a Oktoba ba ya ganin Maris, ko da damana ta yi kyau. Maza sun saba da cin rani tun da can, Kano da Legas, daga baya Libiya. Abin da ya sauya shi ne mata ma sun bi hanya. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance. A Maris ɗin 2022 gwamnati ta kwaso mabarata fiye da dubu daga Dakar cikin jirgin sama, su ma akasari ƴan Kance da Magarya. Matar da ka gani a bakin Kasuwar Dole da yara uku, mai yiwuwa tana zangon farko ne na wata doguwar hanya. In birni bai riƙe ta ba, gaba Agadas ce.

Kakanninmu sun raɗa wa kowace babbar yunwa suna don kada a manta: Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914, El Buhari ta 1984 zuwa 1985, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Amma ta 2005 ce ta fi koya mana yadda abin yake a zamanin kasuwa. Fara da ƙarancin ruwa sun taɓa damanar 2004, gaskiya ne, sai dai hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge a rumfuna, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, dabbar da zai sayar ya saya kuma ta faɗi warwas. A Agustan shekarar Kofi Annan, Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo nan Damagaram ya ga yara masu tamowa da idonsa, a daidai lokacin da hukuma a Yamai ke cewa ba yunwa ba ce.

Yunwar birni kullum irin ta 2005 ce, ta aljihu. Mutumin ƙauye in gero ya ƙare yana da tafasa da jiga, yana da ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Abinci ne na wahala, amma ba saye yake yi ba. Ɗan birni komai sai ya ciro kuɗi: hatsi, niƙa, itace, har ruwan da zai dama. Garin nan kuwa bisa dutse yake zaune, ƙarancin ruwansa tsohon labari ne, yana ma cikin dalilan da ake bayarwa na maida babban birni Yamai a 1926. A Afrilu da Mayu, in famfo ya ɗauke kwanaki, abin da mai gida zai ba ɗan garuwa daga kuɗin cefane yake fita. Shi ya sa nake jin ciwo in na ji ana cewa an ba su wake sun kai kasuwa, ba su da godiya. Wanda ka ba tiyar wake, sai ya nemi itace da ruwa da tukunya kafin ta zama abinci. Wanda ke kwana a rumfar tasha ina zai dafa? Ya sayar ne ya sayi fura, kuma daidai ya yi.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne babban giɓin da ba a magana a kai. Hannun mutanenmu ya fi buɗewa a azumi: kunu da ƙosai a kowane masallaci, buhunan shinkafa da sukari, zakkar kono kafin idi. Amma azumi yana bin wata ne, kowace shekara yana matsowa da wajen kwana 11. Yunwa kuwa damana take bi. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a nan tiya take kai maƙura, a nan ne kuma zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, ciwo da tamowa su haɗu a jiki ɗaya. A 2010, wadda ita ma shekarar yunwa ce, azumi ya faɗo cikin Agusta, sai alheri da buƙata suka yi kiciɓis. A 2025 cikin Maris aka yi shi. Kafin ya sake komawa Agusta sai an kai wajen 2043. Ke nan shekaru masu yawa ke gabanmu da za a yi ta rabon abinci a wani lokaci, tsananin kuma ya zo bayan wata huɗu ko biyar, sa'ad da masu bayarwa suka riga suka naɗe tabarma.

Zakkar hatsi ma haka. Ana fitar da ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, ranar girbi, kamar yadda shari'a ta ce, kuma ba mai ikon jinkirta ta. Sai dai da kaka hatsi ya fi araha, talakan da aka ba dami sau da yawa bashi ke jiransa, ya sayar a lokacin da kuɗinsa ya fi faɗuwa, ya dawo ya saya a Yuli da tsada. Abin da ke hannunmu shi ne sadakar ganin dama, wadda ba a ɗaure ta da rana ba. Jikar da aka sa a gero a Nuwamba ta fi jikar da aka sa a Yuli awo, kowane mai rumbun ajiya a garin nan ya san haka, da shi yake cin riba. Ban ga abin da zai hana masallacin unguwa yin wannan lissafi don marayunsa ba.

Rashin makwanci shi ma ya sauya kama. A da baƙo ba ya kwana a titi a garin Hausa, domin kowane gida mai hali yana da zaure. A nan ɗan cin rani ke shimfiɗa tabarma, a nan almajiri ke fakewa da hunturu, a nan ake fito da tuwon dare a ci da duk wanda Allah Ya kawo, ba a tambayarsa daga ina sai ya ƙoshi. Har yanzu in ka zaga lungunan Birni za ka ga zaurukan nan da zanensu. Amma dubi sababbin unguwanni: katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, wurin ajiye mota a inda zaure zai kasance. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i saboda ɓarayin agogo da na'urar magana. Ban zargi kowa ba, tsoron yana da dalili. Sai dai mun rushe masaukin baƙi na gari gaba ɗaya ba tare da mun yi shawara ba, ba mu kuma gina komai a madadinsa ba. Waɗanda da za su kwana a zaure su ne yau ke bisa teburan kasuwa da barandar kantuna, a Disamba da Janairu suna ƙona kwali da roba don jin ɗumi.

Akwai kuma rashin makwancin da dare ɗaya ke kawowa. Damanar 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan guda a faɗin ƙasa. A nan, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a idon jama'a. Duniya ta ga hoton masallacin. Ɗakunan ƙasa na talakawa da suka zube a makonnin nan ba a ɗauke su hoto haka ba. An tsugunar da mutane a azuzuwan makaranta, har aka ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Da lokacin ya yi aka ce su tashi, kuma mafi yawansu maƙwabta da dangi ne suka matsa musu wuri. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a wata na uku, bayan masu rabon barguna sun tafi, a nan aka ga waɗanda suka riƙe mutane.

Na ce zan dawo kan almajiri. Mutane suna ta gardama, a hana bara ko a bar ta, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne ɓacewar uwar ɗaki. Tsarin da muka taso muka gani, yaro yana da gida ɗaya da ya san shi. Yana ɗebo ruwa, yana shara, yana zuwa aike, a ajiye masa kwanonsa safe da dare, a ba shi sabulu ranar Alhamis, in ya kwanta ciwo matar gidan ce za ta fara sani don bai zo ba. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Akwai gidajen da suka maida yaro bawa, aikin ƙato a kan ƙanzo. Amma ko a hakan, akwai babban mutum guda a gari da ya san sunansa da sunan ƙauyensu. Yanzu yara sun fi gidajen da ke buɗe musu ƙofa yawa, sai yaro ɗan shekara bakwai ya wuni yana bin masu cin abinci a tasha yana jiran saura. Wanda ya ba shi dala goma ya yi alheri, Allah Ya saka masa. Wanda ya ce, “Kai yaro, wane ne malaminka? Gobe ka zo nan da safe,” ya kuma je ya gaida malamin ya ga inda suke kwana, ya yi wani abu da ya fi wannan nisa. Ƙazuwar da ke hannun yaron, da tarin da ya ƙi jin magani, da dukan da wani gardi ke yi masa, duk ba a ganin su ta tagar mota.

Rabon da ake yi da hayaniya kuwa na tsaya kusa da shi na gani. Mota ta tsaya, an ɗaga leda, wuri ya rikice. Manyan yara masu ƙarfi suka kwashe bibbiyu, wata tsohuwa ta faɗi a kan gwiwa, wani ƙaramin yaro ya fito da murfin roba kawai a hannu yana kuka. Wani saurayi yana tsaye bisa mota da waya yana ɗauka, da yamma abin yana Facebook. Niyyarsu mai kyau ce, na san wasunsu, daga aljihunsu suka haɗa. Amma rabon wawaso kullum mai ƙarfi yake ciyarwa. Hoton kuma, ko da an yi shi don jawo wasu su taimaka, fuskar matar wani ce, uwar wani ce, kuma ita ba a tambaye ta ba. Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Maƙwabciyarmu mai sayen dusa, da ta san akwai waya a wurin, ko an kira sunanta ba za ta fito ba.

Wani kuskuren na tausayi ne tsantsa. A ga yaro ya rame har fata ta naɗe, ko ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, sai a cika masa kwano da tuwo da nama. Jikin da tamowa ta ci haka ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, yana iya cutar da shi. Irin wannan yaro likita yake buƙata, inda za a fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, a duba zazzaɓi da gudawa, sannan a koma ga abincin gyaɗar nan na leda. A nan ne nake ganin darasin da ya fito daga Mirya, nan kusa da mu. Ƙungiyar kiwon lafiya ta BEFEN da abokiyar aikinta ALIMA suka koya wa iyaye mata auna dantsen ƴaƴansu da ɗan tsiri mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya asibiti. Matan da ba su taɓa shiga aji ba suka iya, aka riƙa kawo yara da wuri kafin abin ya yi nisa, dabarar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Ba a kawo baƙi su zaga gida-gida ba. An ba wadda ta fi kowa kusa da yaron abin da za ta gani da shi.

Wannan ne nake nufi da aikin sa kai, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gayya muke ce masa a gona. A zamanin Seyni Kunce samariya ce ke gina azuzuwa da share gari. Yau ƙarfin yana fada, wato majalisar hirar samarin unguwa. Kowace kusurwa a garin nan akwai samari zaune a kan benci da butar shayi har tsakar dare, kuma an fi ambatonsu in ana maganar rigima, musamman na Kara-Kara, unguwar da asalinta aka tsugunar da masu cutar kuturta a gefen gari, aka bar jikokinsu da tabon sunan. Amma wa ya fi ɗan fada sanin wanda ke kwana a barandar kantin kusa da su? Shi ya san mai taɓin hankalin da ke zuwa shan ruwa ƙarfe biyu na dare, ya san yarinyar da aka koro daga gida, ya san tsohon da ɗansa ya daina aiko masa. Wannan sanin Alhaji mai buhu ɗari ba shi da shi, ba kuma zai same shi a ofis ba. Matsalar ita ce mai sani ba shi da hatsi, mai hatsi ba shi da sani, kuma ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya ba. Limamin unguwa da mai unguwa da tsofaffin mata masu wankan jego su ne za su iya haɗa su, in an ɗauke su da muhimmanci.

Kada a fahimce ni da cewa kirkin maƙwabta zai ɗauke wa hukuma nauyinta. Kwanon Inna ba zai faɗaɗa gonar Kance ba, ba zai kawo ruwa famfo ba. Mai taɓin hankalin da ke yawo tsirara magani yake buƙata na wata da watanni da wanda zai bi shi, abin da ya fi ƙarfin ƴan fada. Hatsin da OPVN, hukumar ajiye abinci ta ƙasa, ke sayarwa da rahusa lokacin tsanani yana sauƙaƙa wa mai ɗan kuɗi a hannu, wanda ba shi da ko dala kuwa rahusa ba ta kai gare shi. A 2022, bayan abin da ya faru a Dakar, hukuma ta sanar da hana bara a titunan Yamai. Na fahimci kunyar da ta jawo haka, akwai kuma masu hayar yaran mutane su tafi bara da su, waɗanda ya kamata shari'a ta kama. Amma in ka kori mace daga bakin titi ka maida ta ƙauyen da rumbunsa ke wayam, kwana nawa za ta yi kafin ta sake ɗaura goyo? An kwaso wasu fiye da sau ɗaya. Jama'a suna da haƙƙin su tambayi hukuma abin da aka tanada a can inda ake maida su, kuma masu aikin sa kai, da yake su ke ganin abin da ido, su ya fi dacewa su yi tambayar.

A unguwarmu, bayan damanar nan ta 2023, matan da ke adashi da Inna suka ƙara zubi ɗaya wanda ba na kowa ba. Da kaka suka sayi gero buhu uku, tiya arba'in-arba'in, aka ajiye a ɗakin wata gwauruwa da kowa ya yarda da ita, aka yi alkawarin ba za a kwance bakin buhu ba sai an yi shuka. Azumi ya zo ya wuce, wasu suka matsa a raba don neman ladan watan, tsofaffin suka ƙi. Ba su rubuta sunan kowa a takarda ba. Na ce ko in sayo musu littafi don lissafi ya fita daidai, Inna ta ce takarda tana da baki. Da Yuli ya shiga, bayan isha'i, sai ka ga mace ta fito da abu a ƙarƙashin mayafi ta shiga wani gida kamar mai zuwa barka ko gaida mara lafiya. Buhu uku ba su kai ƙarshen Agusta ba, gida biyu sun rage ba a kai gare su ba, kuma matan sun san waɗanne ne. Da kaka ta zagayo suka sayi biyar. Cikin masu zubin har da maƙwabciyarmu, da dala ashirin ɗinta duk Alhamis.